Dabaibayin Baffa Maigandi

Agege, Legas
Lahadi, 30 ga Yuni

Zuwa ga Baffa Maigandi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Inna Fanne da duk mutanen gidanmu na Yerimaram. Yaya damina? Yaya kunnen? Ranar Juma'a na kira wayarka, na yi ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, kai kuma kana ta cewa "wa ke magana?" Shi ya sa na koma wa biro. Kyari direba ya ce tunda duk Laraba yana ɗauko shanu daga kasuwar Potiskum zuwa nan, ranar Lahadi kuma ya juya, ɗaukar takarda ba zai ƙara wa motarsa nauyi ba.

Ka aiko ana tambayata wane irin wasa ne ya hana ni zuwa babbar salla. Tsere ne guda ɗaya mai hawa uku. Za a fara da ninƙaya, kilomita ɗaya da rabi. Da ka fito daga ruwa, jikinka na ɗiga, ka haye keke ka yi arba'in. Da ka sauka ka ruga a guje ka yi goma. Ba a tsayawa a tsakani. Ranar Asabar 10 ga Agusta za a yi gwajin zaɓe, mutum uku na farko su za a tafi da su gasar ƙasashen Afirka. Shekara huɗu ina jiran wannan rana, kuma a yadda nake yi yanzu ina cikin ukun.

Aikina na gadin masu wanka a otal yana nan lafiya. Ninƙayar da ka zane ni a kanta a kududdufin Ngojin ita ke ciyar da ni yau, ban manta ba.

Abin da ke damuna tsamin jiki ne. Ranar da na yi horo mai tsanani ba na jin komai. Washegari in ji kaɗan. Rana ta biyu kuwa, cinyoyina sai su ƙi ni. Da baya-baya nake saukowa daga bene, kuma jiya a zaune na yi sallar la'asar kamar tsoho. Na tuna ka fi shekara talatin kana jinyar shanun da aka koro da ƙafa kafin a yi lodinsu. Me kake yi musu? Da gaske nake tambaya.

Ɗanka,
Bashir

*

Yerimaram, Potiskum
Laraba, 3 ga Yuli

Ɗana Bashir,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa. Kunne yana nan yadda ka san shi, na dama ya yi ritaya, na hagu yana zuwa aiki jefi-jefi.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun da ƙarfi don Innarka ta ji. Ta ce in tambaye ka, wa yake korar ka? Mutum ya faɗa ruwa, ya fito ya haye keke, ya yar da keken ya kama gudu, a garinmu ɓarawo kaɗai muka sani da haka. Na ce mata ta bar ka, tun kana ƙarami ba ka iya tafiya a hankali ba. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ma haka yake. Kakanmu ɗaya da shi, amma ko aikenmu aka yi tare sai ya je ya dawo ina hanya.

Tambayarka ta yi mini daɗi, don rabon da wani ya tambaye ni abin da na sani an daɗe. Abin da ka faɗa na rana ta biyu gaskiya ne. Saniyar da aka koro daga wajen Gaidam, ranar da ta iso jikinta da ɗumi, tafiya take garau, dillali mai wayo ranar yake sayar da ita. Washegari ta fara jan ƙafa. Rana ta biyu ce ke tona asiri. Ni ba na yarda a ɗora ta a mota sai ta kwana uku a hannuna.

Ga abin da nake yi. In kai ta inuwa. Ruwa kaɗan-kaɗan, sau da yawa, da ɗan kanwa a ciki. Dusa da harawa tun tana isowa, ba sai ta huce ba. Ba na bari a kore ta, kuma ba na bari ta yini a kwance, don in ta yini a kwance sai an taru a kanta kafin ta tashi. Safe da yamma nakan ja ta mu zaga filin a hankali, tafiyar da ko jinjiri zai bi. In shafa mata cinya da tafin hannu, ba matsa ba, shafa. Wadda ta ƙi natsuwa kuwa, mai tsalle-tsalle tana ɓarnar ɗan ƙarfin da ya rage mata, wannan dabaibayi nake sa mata a ƙafar gaba har ta shiga hankalinta.

Abu ɗaya ka riƙe. Duk dabbar da na ga bawalinta ya koma ja-ja kamar an jiƙa kanwa, ba na tambayar kowa, sauke ta nake daga lissafin tafiya. Irin wannan ba ta kaiwa Legas.

Na ba Kyari man shanu kwalba ɗaya da ƙulli-ƙulli. Ka riƙa hutawa kwana biyu a mako. Ba ku da babba ne a wannan wasan, wanda zai ce ya isa?

Baffanka,
Maigandi

*

Agege, Legas
Lahadi, 14 ga Yuli

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna. Ka ce mata ba wanda yake kora ta, ni nake korar mutum uku. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya ƙara girma. Ƙulli-ƙullin bai kwana uku ba.

Muna da babba. Kocinmu mace ce, 'yar Kalaba, ta yi wannan tseren shekara goma kafin gwiwa ta zaunar da ita. Na fassara mata takardarka, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce dattijon nan ya fi rabin masu horarwar da ta sani. Abin da take ce mana ke nan. A ci abinci cikin awa guda bayan horo, wake ko ƙwai ko kifi da shinkafa. A sha ruwa da ɗan gishiri da sukari. A yi barci awa takwas. Kada a ƙara nisa da yawa a mako guda. Bambancinku ɗaya, ita duro take cikawa da ruwa da ƙanƙara ta ce mu shiga zuwa ƙugu, minti goma. Ranar farko na yi salati da ƙarfi har maigadi ya rugo.

Sai dai Baffa, saura mako huɗu, kuma yaran da nake takara da su kekunansu sun fi nawa nesa ba kusa ba. Nawa na hannu ne, shekara biyu ina harhaɗa shi. Abin da keke bai ba ni ba dole ƙafa ta biya, don haka nakan ɗan ƙara a kan abin da koci ta rubuta, ba da saninta ba. In tsamin ya matsa, akwai ƙwayar da nake karɓa a kemis, guda biyu, sai in ji sakayau. Keke ne ke cin mafi yawan lokacina, ko ranar hutu ina kansa awa guda.

Kyari na ta danna mini hon, zan tsaya nan.

Ɗanka,
Bashir

*

Yerimaram, Potiskum
Laraba, 17 ga Yuli

Bashir,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya, sai Innarka da ta yi mura ta warke.

Takardarka ba ta yi mini daɗi ba. Na ce ka huta kwana biyu, ka rubuto da hannunka cewa ko ranar hutu kana kan keke. To ina hutun? Na zauna na duba abin da ka lissafa mini tun farko. Ruwa ɗaya da rabi, gudu goma, keke arba'in. Ba sai an kira malami ba, mai arba'in ɗin nan shi ke cinye maka cinya. Ƙwayar kemis kuma na san ta, masu lodi ke sha. Ba ta cire gajiya, rufe mata baki take yi.

Na san halin gidanmu. In na ce ka rage, za ka ce to, ka juya ka ci gaba. Don haka zan yi maka abin da nake yi wa mai tsalle-tsalle. Ka kwance tayar gaban kekenka, da wilinta gaba ɗaya, ka ba Kyari ya kawo mini. Laraba mai zuwa zan mayar maka, ta same ka Juma'a. Mako guda ke nan cif. Kuma kada ka ari ta wani. Ban yarda ka hau keke ba, naka ko na aro, sai tayar nan ta dawo hannunka.

Ban taɓa sa ka wani abu ba tun da mahaifinka ya bar mini kai. Wannan na sa ka. Za ka ji haushina yanzu, ranar gwaji ka gode mini.

Baffanka,
Maigandi

*

Agege, Legas
Asabar, 20 ga Yuli

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na karanta a gaban Kyari, na kwance na ba shi. Ya ce in yi haƙuri, shi ɗan aike ne. Na ce ba komai.

Don Allah kada a jingina komai a kanta, kada yara su murza ta. In wilin ya lanƙwashe ko kaɗan, ba mai gyara shi a nan kusa.

Saura mako uku. Na bi umarninka.

Bashir

*

Yerimaram, Potiskum
Laraba, 24 ga Yuli

Ɗana Bashir,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ina fatan cinyoyi sun fara yi maka godiya.

Taya ta iso jiya. Da Kyari ya miƙo mini na zaci wasa yake, don da yatsa biyu na ɗaga ta. Siririya kamar ba ta taɓa cin abinci ba. Na kafa ƙusa a zaure na rataye ta sama da inda hannu zai kai. Mai facin bakin kasuwa ya zo takanas ya gani, ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai bai ga inda za a ɗaura buhu ba.

Takardarka gajeriya ce, na gane. Ba laifi, saniya ma ba ta lasar hannun mai dabaibayi a ranar farko.

Akwai ɗan cikas. Motar Kyari ta sami matsalar giya, yana Dogo Nini wajen makanikai, wannan makon ba zai fita ba. Wannan takarda wani direba na ba. Taya kam ban ba shi ba, tunda ka ce ba ta son wasa, ni kuma ban san hannunsa ba. Ka ƙara haƙurin mako guda. Ni a ganina ma alheri ne, hutun mako biyu ya fi na ɗaya, za ka hau ta da sabuwar ƙafa kuma da sauran kwana takwas a gabanka.

Ka ci, ka sha, ka yi barci. Ka rubuto mini yadda kake sauka daga bene yanzu.

Baffanka,
Maigandi

*

Yerimaram, Potiskum
Laraba, 31 ga Yuli

Bashir,

Assalamu alaikum. Mu dai lafiya. Kai ne ba mu sani ba.

Direban ya dawo hannu wofi. Ya ce ya ba maƙwabcinka takardar, bai gan ka ba. Innarka ta kira wayarka sau biyar, a kashe. Ta ce fushi kake, ni ma na ce fushi ne, amma tun shekaranjiya abinci ba ya wuce mini yadda ya saba.

Kyari ya gyara mota, yau zai taso. Na ce masa kada ya sauke ko saniya ɗaya sai ya gan ka da idonsa. Taya tana nan. Ba zan saki ba sai na ji daga gare ka cewa tsamin ya sake ka. In fushi ne, ka yi shi a takarda, zan karanta.

Baffanka,
Maigandi

*

Agege, Legas
Lahadi, 4 ga Agusta

Baffa,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da Inna, ku gafarce ni da na tayar muku da hankali. Da sauƙi yanzu. Ranar Juma'a aka sallamo ni daga asibiti, kwanana huɗu a can. Kyari ya same ni a bakin ƙofa ina neman makulli, ya kalle ni ya yi mini sannu da Barbarci ya ce, "Wushe, Bashir, kai ne haka?" Ban kira kowa a gida ba don ban san ta inda zan fara ba.

Zan faɗa maka komai yadda ya faru. Hawan keken ranar hutu da na rubuta maka, ba horo ba ne. Juyi ne a hankali a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko gumi ba na yi. Shi ne zagayen da kake yi da saniya safe da yamma. Shi ke warware mini cinya. A cikin ukun nan keke ne ya fi tausayin tsoka, gudu ne mai dukanta, don duk taku nauyinka gaba ɗaya ke sauka a kanta. Da na tsaya na yi maka bayani tun ranar, amma Kyari na hon, daga baya kuma zuciya ta hana.

Da aka tafi da taya, sai na ga awannin keke sun zama fanko, abokan takara kuma suna ta wuce ni a hanya. Na ce ai gudu ba a hana ni ba. Na koma yi sau biyu a rana, na yamman a matakalar gadar masu tafiya da ƙafa, hawa da sauka cikin zafi. Koci ba ta sani ba. Ƙwaya biyu ta koma huɗu. Da takardarka ta zo cewa sai wani makon, ranar na yi hawa da saukar da ban taɓa yi ba, ban ma ƙirga ba.

Ranar Litinin cinyoyina suka kumbura, ko taɓawa ba a yi. Ka gafarce ni da wannan magana, da na zaga bayi na ga kalar da ka kwatanta mini. Ba don takardarka ta farko ba, da ƙwaya zan ƙara in kwanta. Na kira koci ta kai ni asibiti. Likita ya ce naman cinyar ne ya farfashe ya zuba cikin jini, ƙoda ke ta fama da tace shi, ƙwayar kuma ta ƙara mata wahala. Leda goma sha ɗaya ta ƙarin ruwa aka yi mini. Ya ce ƙodar ta tsira, amma kada in yi wani abu mai ƙarfi sai bayan mako huɗu, a sake gwada jini.

Gwaji saura kwana shida. Koci ta ce ba ta da ikon cire sunana, amma in na shiga ba da yawunta ba. Ni kuwa Baffa, ina jin ƙafafuna sun dawo. Jiya na sauko bene da gaba. Shekara huɗu ce, kuma ba a sake wannan zaɓe sai bayan shekara biyu.

Aron taya ba wuya, mutum uku sun yi mini tayi. Amma ka ce kada in hau sai tawa ta dawo, kuma ban taɓa tsallake maganarka ba. In ka ba Kyari ranar Laraba, za ta same ni Juma'a. Ina roƙonka ka aiko.

Ɗanka,
Bashir

*

Yerimaram, Potiskum
Laraba, 7 ga Agusta

Ɗana Bashir,

Wa'alaikumus salam. Sannu. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Innarka tun jiya take kuka tana yi mini faɗa, kuma yau kunnena na hagu ya ji komai.

Na karanta inda ka ce keken shi ne zagayenka, na ajiye takardar na kasa ci gaba. Abin da nake yi wa dabbar wani da hannuna safe da yamma, shi na hana ɗana. Ban taɓa hawa irin kekenka ba, ban taɓa ganin tseren nan ba ko a hoto, na ga arba'in ta fi goma na yanke hukunci. Da na tambaye ka layi ɗaya, da ba a kai nan ba. Sannan na ƙara maka mako, ina yaba wa kaina.

Ban saba faɗar wannan ga na ƙasa da ni ba, kuma a gidanmu ban ji an taɓa faɗa ba. Na yi kuskure, na cuce ka. Ka yafe mini.

Yanzu maganar taya. Jiya na yini a zaure ina kallon ta. Raina ya ce in riƙe, wannan karon ai da hujjar likita. Innarka ma ta ce in jefa ta rijiya. Amma riƙewar farko ma da hujja na yi ta, a ganina.

A bakin mota, in mai dabba ya tambaye ni, gaskiya nake gaya masa, sannan in matsa gefe, don dabbarsa ce. Ga tawa gaskiyar. Wanda ya ga abin da ka gani ranar Litinin, ba na wannan tafiyar ba ne. Jin sauƙi a kwana na shida ba warkewa ba ce, na sha ganin wadda ta miƙe tana kiwo, aka ɗora ta, ba ta wuce Jos ba. In da ni ne kai, ba zan shiga ba.

Amma ba ni ba ne kai. Na cire maganata daga kanka. Taya tana wajen Kyari, na naɗe ta da bargo, ya ce a gaban mota za ta zauna kusa da shi. Ka hau lokacin da ka ga dama.

Ranar Asabar ba zan fita ko'ina ba.

Baffanka,
Maigandi

*

Agege, Legas
Lahadi, 11 ga Agusta

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Lafiyata ƙalau, ka fara gaya mata wannan kafin ka ci gaba.

Taya ta iso ranar Juma'a da la'asar, ko ƙwarzane babu. Na ɗaura ta, na juya, tana tafiya daidai. Takardarka kuwa sau ɗaya na iya karanta ta. Ban taɓa zaton zan ga kalmar neman yafiya da rubutunka ba, kuma wallahi ban ji daɗin ganinta ba, kunya ce ta rufe ni.

Jiya da sassafe na tafi wajen gwajin da niyyar shiga, ba zan ɓoye maka ba. Mu ashirin da shida ne. Na jingina kekena a layi, aka rubuta mini lamba a dantse, na sa hular ruwa. Koci ta gan ni, ta kau da kai. Na taka har bakin ruwa. Ba abin da ke yi mini ciwo, Baffa, ko kaɗan. Da akwai ciwo da abin ya zo da sauƙi.

Ina tsaye sai na tuna ka ce ba za ka fita ko'ina ba. Na gan ka a zaure, ƙusa ba komai a kanta, kana jiran Talata, ranar dawowar Kyari. Na ce in na faɗi a hanyar nan, likita zai ce ƙoda ce, koci za ta ce taurin kai ne, amma kai har ka koma ga Allah za ka ce kai ne, sau biyu, da ka karɓa da kuma da ka mayar. Ka ce jikina ne, haka ne. Amma ba ni kaɗai zan ɗauki abin da zai same shi ba.

Na koma wajen teburin alƙalai na ce a cire lamba goma sha bakwai. Matar ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Aka busa usur ina goge lambar da yawu.

Koci ta ba ni aikin miƙa ruwa a kilomita na bakwai na gudu, wai kada in tsaya haka kawai ina cin raina. Ta ce in jini ya yi kyau a ƙarshen wata za mu fara daga farko, juyi a hankali minti ashirin, kuma daga yau duk abin da na ƙara a ɓoye ita ma za ta kwance taya, ta baya.

Na yafe maka, Baffa, har zuciyata. Ni ma ka yafe mini. Gudun da na yi a gadar nan ba horo ba ne, fushi nake da kai, na rasa inda zan sauke shi sai a kan ƙafafuna.

Saura abu ɗaya. Na so in bar shi, amma ka ce gaskiya ake faɗa a bakin mota. Yaron da ya zo na uku, wanda zai tafi, da aka gama na duba lokacin da alƙalai suka rubuta masa. Ya makara da minti huɗu a kan lokacin da na saba yi. Ko a ranar da ba na jin daɗi ina riga shi.

Ya zo wucewa ta gabana da tutarsa a kafaɗa, yana ta murna, bai san ni ba. Na tafa masa, Baffa. Da ƙyar, amma na tafa.

Ɗanka,
Bashir